Baƙon Jirgin Talata

Ranar da Leona ta fara ganinsa ruwa ake yi, irin yayyafin nan namu na Taan da mutum ke rainawa har sai ya ji sanyi a ƙashinsa. Jirgin ruwan Talata ya jingina da gadar tashar jirage tun takwas na safe, ya zazzage baƙi dubu biyu a garin da mu duka, har da jarirai, ba mu cika ɗari takwas ba. Leona tana tsaye kusa da bencin Silas, wani tsohon benci da ke ƙarshen gadar, ta ɗaga allon masu hawan dutse tana ƙirga mutanenta. Goma sha huɗu ne, yawancinsu tsofaffi, kowa da rigar ruwa da kyamara a wuya.

Sai ga na sha biyar da gudu, farin takalmi ƙal a ƙafarsa, garin fulawa a girarsa.

"Bawan Allah, ina za ka da wannan takalmin?"

"Dutse zan hau."

"To ka yi bankwana da farinsa."

"In dai za ki dawo da ni kafin jirgi ya tashi, na yafe takalmin."

Ta so ta ɗaure fuska, fuskar ta ƙi. Sunansa Emmett, shi ke gasa burodin jirgin, yakan gama aiki goma na safe a ba shi awa shida ya sha iska. Dogo ne mai sanyin murya, kuma duk wanda ya dubi fuskarsa ya san jininmu ne, ko da yake harshensa na mutanen kudu ne.

A bakin daji ta yi musu gargaɗin da ta saba: wanda ya ga beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, kada ya gudu, kada ya yi ihu, kada ya matsa don hoto. Da suka kai rafin da kifin salmon ke hawowa, ga uwar beyar can tsallake da 'ya'yanta biyu tana kamun kifi. Baƙi suka ƙame. Leona ta yi magana a hankali, yadda kakarta ta koya mata.

"Kaka, mu ne, wucewa kawai za mu yi. Ci abincinki."

Beyar ta ɗago ta dube su, ta mai da kai ruwa.

"Ta ji ki fa," in ji Emmett cikin raɗa.

"Ai ba kurma ba ce. Ladabi take so, kamar kowace tsohuwa."

A ƙolin dutsen hazo ya yaye, teku ta bayyana, ga manya-manyan kifayen whale uku suna fesa ruwa sama. Kyamarori sha huɗu suka juya can. Leona ta waiga don ta tabbata ba wanda ya matsa bakin gaɓa, sai ta ga mutum ɗaya bai juya ba.

"Teku tana can," ta ce.

"Na sani. Kullum a kanta nake kwana."

Biyar na yamma jirgin ke tashi. Kafin ya shige ya karɓi lambarta, wai don ya tambaye ta irin takalmin da ya kamata ya saya. Ita ma ta yi kamar ta yarda da dalilin.

Daga nan mako ya koma kwana ɗaya a wurin Leona, sauran shidan jira ne. Waya ba ta kamawa a tsakiyar teku, sai jirgin ya kusanci wani gari saƙonsa ke shigowa.

"Talatata, yau mun wuce dutsen ƙanƙara, wani gefe ya ɓalle ya faɗa ruwa, mutane suna ta tafi. Ni kuwa ina ta ƙirga saura kwana huɗu. Na sayi takalmin roba. Muninsa ba a magana."

"Ɗan jirgi, muninsa shi ne kyansa. Ka zo da burodin nan mai kirfa, abokan aikina sun ce in babu burodi kada in tafi da kai."

"Abokan aikinki ko ke?"

"Ka zo dai."

Talata biyar ya hau dutsen nan cikin ruwa, rigarsa a zuge har wuya. Har ya iya gaida beyar, har ya san inda mikiya ta yi sheƙa. A ta shida rana ta fito, abin da a Taan sai a yi wata ba a gani ba. Suna zaune a ƙoli baƙi na cin abincinsu, ya tuɓe rigar ruwa ya naɗe hannun rigarsa. A wuyan hannunsa akwai munduwar azurfa mai faɗi, an sassaƙa Hankaka a jikinta.

Mu a nan zuriya biyu ce, mutum ko Hankaka ne ko Mikiya, kuma uwa ake bi. Hankaka Mikiya yake aura, Mikiya kuma Hankaka. Leona Hankaka ce tun kaka da kakanni. Namiji Hankaka, ko daga wane gari ya fito, ko ba ta taɓa jin sunansa ba, ɗan'uwanta ne.

Leona ta nuna munduwar da yatsa.

"Wannan ta waye?"

"Ta mahaifiyata ce. Shekara biyu ke nan da rasuwarta."

Ya ba ta labari. Tana 'yar shekara huɗu aka ɗauke ta daga wani garin arewa aka kai ta kudu, baƙi suka raine ta. Ba ta tuna sunan garin ba, ba ta tuna fuskar kowa ba, munduwar nan kaɗai ta tafi da ita.

"Shi ya sa na nemi aikin jirgi. Duk garin da muka tsaya sai in ce ko nan ne."

Leona ta riƙe hannunsa tana juya munduwar. A bakinta biyu akwai 'yan lotsattsun wurare a jere.

"Ina jin da ita ta yi wasa lokacin fitar haƙori," ya ce yana dariya.

Ita dariyar ba ta zo mata ba. Yara da yawa aka kwashe a wancan zamanin daga garuruwa da yawa, kowa ya san wannan. Abin da ta ji kawai shi ne munduwar ta uwarsa ce. A hanyar saukowa sau biyu tana ɓata ƙirgar mutanenta, kuma ba ta faɗa masa komai ba.

A bakin gada Garrett yana ɗaure kwalekwalensa. Masunci ne, Mikiya, ranar jirgi kuma yakan kai baƙi kallon whale. Shekara biyu yana kai kaguwa gidan su Leona yana neman aurenta, ba a ce masa ga ranar zuwa ba. Emmett ya ɗaga hannu yana bankwana, azurfa ta yi walƙiya a rana, Garrett kuwa idonsa ba ya kuskure. Kafin magariba magana ta isa kunnen Kawu Elwood.

Leona marainiya ce, kakarta Verna ta raine ta, kuma a wurinmu maganar kawu a kan ɗan 'yar'uwarsa ta fi ta uba nauyi. Ta same shi a bayan gida yana ɗinkin koma.

"An ce kina yawo da ɗan'uwanki a kan dutse."

"Kawu, bai ma san me ake nufi da Hankaka ba."

"Rashin saninsa bai canja masa uwa ba."

"'Yan yanzu da yawa suna yi, ba wanda ya mutu."

Ya ajiye allura ya dube ta, babu fushi a idonsa, abin da ya fi mata ciwo ke nan.

"Ana mutuwa mana, 'yata. Ranar da kakarki ta kwanta dama, su wa za su ɗauke ta? Mikiya. Su wa za su dafa mana abinci, su riƙe mu muna kuka? Mikiya. In mijinki yana gefenmu yana kuka tare da mu, wa zai tsaya a ɗaya gefen saboda 'ya'yanki? Ban ƙi yaron ba, ɗanmu ne, ya zo ya ci ya sha. Amma ba zan tsaya a aurenku ba, kuma kakarki ba za ta lulluɓa miki bargon gidanmu ba."

Bargon nan Leona ta girma tana kallonsa a akwati, ja da baƙi, da maɓallan farin wuri da kakar kakarta ta ɗinka. Ta san ba bargo kaɗai za ta rasa ba. Kaka Verna kuwa tana can tsallaken teku a sansanin bandar kifi, inda waya ba ta zuwa, ba za ta dawo ba sai Satumba.

Talata ta gaba Leona ta yi abin da matsorata ke yi. Ta bar wa abokiyar aikinta masu hawan dutse, ita ta bi kwalekwalen Garrett tana nuna wa baƙi whale. Da yamma saƙo ya shigo.

"Na hau dutsen da wadda ba ta san gaida beyar ba. Na gan ki a kwalekwalen mai jar hula. In shi ne, ki faɗa min, ba zan yi rigima ba. Burodinki yana kan bencin ƙarshen gada."

Ta je ta tarar hankaki sun yage ledar sun cinye rabi. Ta zauna a bencin Silas da sauran rabin a cinyarta, tana kallon jirgin har ya shige bayan tsibiri, ta yi kuka mai isarta.

Garrett ya ga ƙofa, ya gwada sa'arsa.

"Ni dai Mikiya ne gaba da baya, ba sai an yi bincike ba."

"Na sani, Garrett. Da asali ne so, da tuni na aure ka."

Talata biyu ta ɓuya, a ta uku kewa ta fi ƙarfinta. Ta koma kan allonta, ya zo ya tsaya a ƙarshen layi. A ƙolin dutse ta ja shi gefe ta zayyane masa komai.

"To in cire ta in jefa teku."

"Ko ka jefa, uwarka dai uwarka ce. Kuma in ka jefa ba zan yafe maka ba."

Ya juyo ya dube ta.

"Shekara biyu ina neman dangi, Leona. Na same su, ashe sai na rasa ki za su zama nawa. Yanzu me zan riƙa kiranki?"

"Ƙanwa, in ji Kawu."

"Bakina ba zai iya ba."

"Nawa ma haka."

Bai daina zuwa ba. Duk Talata tana gaba, yana baya, baƙi sha huɗu a tsakaninsu suna tambayar sunan itatuwa. In ta ce a yi hankali da santsi, shi take nufi. In ya miƙa wa tsohuwa hannu a bakin rafi, sai ta kau da kai don kada ta ga azurfar. Tana sonsa, ta san yana sonta, ga shi kusa kuma ba halin ko riƙe hannu. Saƙonninsu suka gajarce.

"Saura Talata uku."

"Na sani, ɗan jirgi."

Abu ɗaya ya hana ta barci mai daɗi, wato lotsattsun wuraren nan. Ta koma wurin kawunta.

"Kawu, munduwar nan faɗinta na maza ne. Kuma sawun haƙoran da ke jikinta ba na jariri ba ne, sun yi girma."

"Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya ce ta uwarsa ce ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"To."

Ranar Litinin ta ƙarshe kafin jirage su daina zuwa, Kaka Verna ta dawo da akwatunan kifi banda, jikinta duk ƙamshin hayaƙi. Leona ta durƙusa gabanta ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Tsohuwar ta saurara tana shafa kanta.

"In Hankaka ne, maganar kawunki ita ce tawa, kada ki sa ran wata. Amma ɗanmu ba zai bar garin nan bai ci abincin gidansu ba. Gobe ki kawo min shi."

Washegari ruwa ya dawo. Emmett ya shigo da burodi a ƙarƙashin riga, ya gaida tsohuwa, ya gaida Kawu Elwood. Aka zuba shinkafa da kifi banda, da 'ya'yan itacen daji a kwano. Leona ta zauna can ƙarshen tebur, wurin da ƙanwa ke zama.

Ya miƙa hannu zai karɓi faranti, sai Kaka Verna ta cafke wuyan hannun.

"Elwood, ba ni tabarauna."

Ta juya munduwar, ta ɗora babban yatsanta a kan lotsattsun wuraren, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Yaya sunan uwarka?"

"Joanne."

"Su suka sa mata wannan. Josie ce."

Tsohuwar ba ta saki hannun ba, a haka ta yi magana.

"Shekara hamsin ke nan. Silas ɗan gidanmu ne, Hankaka. Matarsa Irene ta rasu da sanyin wannan shekarar, ciwon ƙirji. Wasu suka zo daga kudu da takarda, wai masunci namiji ba zai iya rainon 'ya mace ba. Ni na ɗauko ta zuwa gada, tana ta tambayata ina za a je. Ba shi da abin ba ta, sai ya cire munduwarsa ya sa mata, tana ta zamewa. Babu guduma, babu komai, jirgi yana busa. Ya sa ta a baki ya matse da haƙoransa har jini ya fito. Ni na riƙe masa hannun yarinyar."

Hawaye suna zubo mata, ba ta share ba.

"Shekara ashirin da biyu bai bar jirgi ya tsaya a garin nan babu shi a bakin gada ba. Ku yara kuna cewa bencin Silas, ba ku taɓa tambaya me yake jira ba."

Kawu Elwood ya cire hularsa.

"Ke nan munduwar ta ubanta ce."

"Kai da ka iya yanke hukunci, ƙarasa mana."

"Irene Mikiya ce, Josie Mikiya." Ya dubi Emmett. "Yaron nan Mikiya ne, Inna."

"Kuma jikanmu. Ka taɓa jin auren da ya fi wannan kyau a wurinmu?"

Leona ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji, amma da ta dubi Emmett sai ta ga shi ba nan hankalinsa yake ba.

"A kan bencin nan?" ya ce. "Wanda nake ajiye burodi?"

"Shi."

Ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Leona ta taso daga ƙarshen tebur ta zo ta zauna kusa da shi ta riƙe hannunsa, wanda rabonta da shi wata biyu. Kawu Elwood ya ga abin, ya mai da idonsa kan shinkafa.

Huɗu da rabi jirgi ya busa. Dole ya koma, saura mako biyu aikinsa ya ƙare a kudu. Ta raka shi gada cikin ruwa. Wannan karon da jirgin ya shige bayan tsibiri ba ta yi kuka ba, ko da yake makonni biyun sun fi mata duk damina tsawo.

"Talatata, na ajiye aiki. Ranar Juma'a zan zo a ƙaramin jirgin fito. Kina karɓar baƙon Juma'a?"

"Sai in da takalmin roba."

A watan Nuwamba aka ɗaura aure a cocin kan tudu, aka yi taro a zauren gari. Kafin nan dangin Irene sun zo sun karɓi ɗansu, suka ba shi suna a gaban jama'a. Abin dariya, uwar Garrett 'yar gidan su Irene ce, don haka Garrett ne ya tsaya a gefen ango a matsayin ɗan'uwa. Ya yi ta ƙunƙuni wai da bakinsa ya jawo wa kansa, amma duk kaguwar da aka ci a bikin shi ya kawo. Kawu Elwood ya tashi a gaban Mikiya duka ya ce ya yi gaggawar hukunci, a yafe masa. Kaka Verna ta buɗe akwati ta lulluɓa wa Leona bargon gidansu.

Da aka gama ci da rawa, tsohuwar ta ce a kai ta gada. Garin shiru, shagunan baƙi duk a rufe, dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu. Leona ta riƙe ta ta dama, Emmett ta hagu, har ƙarshen gadar. Ta zaunar da su a bencin, ta haɗa hannuwansu a kan munduwar.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu dangi ta gefe biyu. Kada ya sake sa ɗayanku jiran jirgi."

Suka amsa da amin. Sai ta dafa katakon bencin, ta yi magana a hankali, yadda ake yi wa wanda ya daɗe yana gyangyaɗi.

"Silas, tashi ka huta. Jirginka ya iso."